INA AMFANIN AJI IDAN BA A JIN MALAM?

Daga Wakilinmu

Tun daga watan Yuni na shekarar 2024, sa'ad da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ilmi, maganar da ta fi yawa a bakin jami'an Ma'aikatar Ilmi da shugabannin ƙananan hukumomi ita ce ta gine-gine da kayan aiki: azuzuwa nawa za a gyara, kujeru nawa za a saya, malamai nawa za a ɗauka. Duk wannan daidai ne, babu kuma mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma akwai wani abu guda wanda ba ya shiga cikin takardar kwangila, ba a kuma ganinsa a hoton bikin buɗe makaranta, alhali kuwa in babu shi kuɗin da aka kashe sun zama ɗiban ruwa da kwando. Wannan abu shi ne natsuwa, watau yaro ya zauna cikin aji ya ji abin da malaminsa ke faɗa, ba tare da wata ƙara daga waje ta shiga tsakaninsu ba.

Ra'ayina a nan shi ne, lokaci ya yi da hukumomin ilmi za su ɗauki kare makarantu daga hayaniya a matsayin aikin da ya wajaba a kansu, kamar yadda suka ɗauki rufin kwano da allon bango. Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne garuruwa irin su Rano da Kibiya, inda har yanzu akwai sauran fili, kuma gyaran bai riga ya yi tsada ba.

ABIN DA YA SAMI BIRNIN KANO

Mai son ya ga abin da rashin shiri ke haifarwa, sai ya dubi birnin Kano. A nan ne jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan cikin shekarar 1925, kuma filin jirgin da a yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. A zamanin da aka kafa shi, a bayan gari yake, gonaki ne kewaye da shi. Sannu a hankali gari ya yi ta bunƙasa, aka yi ta yanka filaye ana gina gidaje da kasuwanni da makarantu, har unguwanni suka zagaye shi. Ranar 4 ga watan Mayu na 2002 jama'a suka ga irin kusancin da aka yi da shi, da wani jirgin fasinja ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, mutane fiye da ɗari suka riga mu gidan gaskiya. Wannan masifa ce ta rana ɗaya wadda kowa ya gani ya yi juyayi. Akwai kuma ta kullum wadda ba a bugawa a jarida: malamin da ke koyarwa a ƙarƙashin hanyar jirage, wanda dole ya yi shiru, alli a hannu, har rugugin ya wuce, sa'an nan ya nemi inda ya tsaya.

Yanzu ba mai iya ɗauke filin jirgin cikin sauƙi, ba kuma mai iya tashin unguwannin. Abin da da igiyar awo da sa hannun jami'i ɗaya sun hana tun farko, yau sai an kashe dukiya mai yawa kafin a rage shi.

SHAIDAR DA AKA SAMU A WASU ƘASASHE

Kada wani ya ɗauka wannan ƙorafi ne irin na mutanen da ba su son damuwa. Masana sun auna abin, kuma sakamakon a fili yake.

A cikin shekarar 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta binciki wata makarantar firamare a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Makarantar tana kusa da dogon jirgin ƙasa, jirgi kuwa yana wucewa kusan kowane minti huɗu da rabi. Azuzuwan gefe ɗaya suna fuskantar dogon, na ɗaya gefen suna can baya inda babu ƙara. Makaranta ɗaya ce, unguwa ɗaya, littattafai iri ɗaya. Amma da aka gwada su, sai aka tarar 'yan aji shida na gefen jirgin sun kasa 'yan'uwansu a fannin karatu da kusan shekara guda. Daga baya hukuma ta sa roba a jikin dogon, aka kuma yi wa azuzuwan silin mai shanye ƙara. Da aka sake gwaji, wanda aka buga sakamakonsa a 1981, bambancin ya gushe.

A ƙasar Jamus kuma, a shekarar 1992 aka rufe tsohon filin jirgin saman birnin Munik aka buɗe sabo a wani wuri dabam. Masu bincike suka bi yara fiye da 300 a wuraren biyu, tun kafin ƙaurar har bayanta. Yaran da ke kusa da tsohon filin, karatunsu da ƙarfin riƙe abu a ka suka ƙaru bayan jirage sun bar musu unguwa. Waɗanda aka kai wa sabon filin kuwa, nasu ya ja da baya.

Bugu da ƙari, a 2005 an buga sakamakon wani babban bincike a kan yara 2,844 masu shekara 9 zuwa 10, a makarantu 89 da ke kewaye da filayen jiragen saman Landan da Amstadam da Madrid. A Ingila an ga cewa duk ƙarin maki 5 na ƙarar jirgi, a ma'aunin da ake kira desibel, yana tafiya da jinkirin kusan wata biyu wajen fahimtar karatu, ko da an cire bambancin arzikin iyaye daga lissafin.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, hayaniya tana cin ilmin yaro ko da kunnensa lafiya lau yake. Na biyu, wanda ya fi daɗin ji, in an kawar da ita yaro yana farfaɗowa.

JIRAGEN RANO DA KIBIYA A ƘASA SUKE

To, mai karatu zai ce, ina ruwan Rano da Kibiya da wannan? Gaskiya ne, ko da yake akwai kamfanin jiragen sama mai ɗauke da sunan Rano, wanda ya fara jigilar fasinja a 2023, garin kansa ba shi da filin jirgi, jiragen da ke ratsa samaniyarsa kuwa sun riga sun yi nisa can sama. Amma kunnen yaro bai san sunan abin da ya hana shi jin malam ba. Jirgin sama ne ko injin niƙa, in dai ya rufe muryar malam, ɓarnar ɗaya ce.

Tun bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kankama a kudancin Kano, kuma duk inda amfanin gona ya yawaita, injuna da manyan motoci sai su biyo shi. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Bunkure zuwa Rano da Kibiya ita ce jijiyar arzikin wannan yanki. A bakin irin wannan hanya kowa ke son ya kafa sana'arsa: mai injin casar shinkafa, mai niƙa, mai walda, mai faci, mai cajin waya da janaretonsa, mai sayar da magani da lasifikarsa. A bakinta kuma aka saba gina makaranta, tun daga zamanin shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, lokacin da aka yi ta kafa azuzuwa cikin gaggawa a duk inda aka sami fili a gefen gari. Makarantar da a wancan lokaci take bayan gari cikin gonaki, yau sau da yawa tana tsakiyar shaguna da tashar babura. Abin da ya sami filin jirgin Kano shi ne ke samun ƙananan makarantu ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba a lura ba saboda a hankali yake zuwa.

Akwai kuma ƙarar da ginin kansa ke jawowa. Ajin da aka rufa da kwano ba silin, in ruwan sama ya sauko, ya zama ganga. Malami sai ya rubuta aiki a allo ya zauna, domin ko ihu ya yi ba mai jinsa. Damina kuwa takan faɗo daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke rubuta jarrabawarsu ta fita. Haka nan bangon da ke tsakanin aji da aji wanda bai kai rufi ba, yana sa 'yan aji uku suna koyon lissafi alhali rabin hankalinsu yana wurin waƙar 'yan aji ɗaya.

YADDA ƘARA KE CIN KARATU

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce bai kamata ƙarar da ke cikin aji lokacin darasi ta wuce desibel 35 ba, a filin wasa kuma kada ta wuce 55. Don a gane wannan, hirar mutum biyu da ke tsaye kusa da juna tana kaiwa wajen desibel 60, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar. Masana sun kuma nuna cewa sai muryar malam ta ɗara ƙarar da ke kewaye da wajen desibel 15 kafin ƙaramin yaro ya ji kowace kalma sosai.

Dalilin da ya sa yaro ya fi babba cutuwa ba boyayye ba ne. Babba, in kalma ta kuɓuce masa, yana cike gurbinta da abin da ya riga ya sani. Yaro ɗan shekara shida ba shi da wannan taska tukuna. Shi yanzu yake koyon bambanta baki da baƙi, da kuma daka da ɗaka, yana haɗa kowane sauti da harafinsa. Wanda bai ji bambancin ba, ba zai rubuta shi ba. Abin ya fi tsanani a darasin Turanci da na Larabci, harsunan da ba da su ake magana a gidansu ba, domin a nan ba shi da abin da zai dogara da shi sai kunnensa. Yaran da ke benci na baya a ajin da ya cika maƙil, da waɗanda ciwon kunne ya taɓa rage musu ji, su ne kan fara sarewa. Da farko sukan yi ƙoƙarin saurare, daga baya su gaji su daina, a ƙarshe a rubuta musu a takardar sakamako cewa ba su da ƙoƙari.

Mu yi ɗan lissafi don misali. A ce darasi minti 35 ne, babbar mota ta wuce sau shida tana danna oda. Kowane wucewa malam ya yi shiru na rabin minti, ya kuma ɓata wani rabin wajen maido da hankalin yara. Minti shida ke nan sun tafi. A darussa bakwai na yini, minti 42 ne, watau fiye da darasi guda cur kowace rana. Gwamnati ta biya albashin wannan lokaci, iyaye sun hana yaro zuwa gona ko talla saboda shi, amma ba wanda ya amfana. Malamin kuma da ya wuni yana ɗaga murya zai koma gida da dishewar maƙogwaro da ciwon kai, gobe ya zo da rabin ƙarfinsa.

MASU JAYAYYA

Na san za a ce, yaran da ke zaune a ƙasa ba benci, wa zai yi musu maganar desibel? Amsar ita ce, ba a ce a bar sayen benci ba. Galibin abin da ake bukata a nan umarni ne da sa ido, kuɗinsa kaɗan ne. Hasali ma tun da ana cikin gyaran azuzuwa, yanzu ne ya fi arha a gyara su yadda ya kamata, domin tun ran gini ran zane.

Za a kuma ce, ai a makarantar allo kowa yana ɗaga murya da karatunsa, kuma ta fitar da mahaddata masu yawa. Wannan gaskiya ne, amma tsarin dabam yake. A can kowane almajiri yana maimaita abin da aka riga aka biya masa, in an zo ƙari kuwa malam yakan kira shi gabansa, kusa da kusa, ya ji daga bakinsa. A ajin boko murya ɗaya ce za ta isa kowa a lokaci guda. Mu kuma tuna cewa malaman tsangaya na dā da gangan suke fita bayan gari su kafa bukkokinsu, nesa da kasuwa da kaɗe-kaɗe. Su ma sun san karatu da hayaniya ba su zama inuwa ɗaya.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: mai injin niƙa abincin iyalinsa yake nema, kuma watakila 'ya'yansa suna cikin makarantar. Haƙiƙa bai dace a tashi talaka daga sana'arsa da rana tsaka ba tare da an ba shi wani wuri ba. Amma ƙara tana raguwa da nisa fiye da yadda ake zato. Injin da ke wuri ɗaya a fili, duk lokacin da aka ninka tazararsa, ƙararsa tana sauka da wajen desibel 6. Wanda aka matsar daga mita 10 zuwa mita 40 ya ragu da 12, watau kunne zai ji ya ragu da fiye da rabi. Ba a kore shi daga unguwa ba, masu kawo masa niƙa ba za su ɓata ba, yara kuma sun samu sauƙi.

DOKA TANA NAN

Ba rashin doka ke damunmu ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, a 2007, a 2009 kuma aka fitar da dokokin hana ƙara mai cutarwa. A cikinsu an iyakance ƙarar da za ta isa asibitoci da manyan makarantu da ɗakunan karatu na jama'a ga desibel 45 da rana, 35 da dare. In ɗalibin jami'a, wanda ya riga ya iya karatu, yana da haƙƙin wannan kariya, ɗan firamare ya fi shi bukatarta. Sai dai dokar da aka rubuta a Abuja ba ta da ƙafar zuwa Rurum ko Tarai. Ƙafarta ita ce ƙaramar hukuma, wadda ke kula da kasuwanni da tashoshin mota, take kuma ba da izinin kafa ƙananan sana'o'i.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Sakatarorin Ilmi na Rano da Kibiya su sa a zagaya makarantunsu a rubuta abin da ke kewaye da kowace, da kuma sa'o'in da ƙara ta fi yawa. Wayar hannu ta yau tana iya ba da kimanin awon ƙara, wanda ya isa a gane inda abin ya fi muni. Ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da ta Wudil da kwalejojin horar da malamai, masu neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki mai amfani a ƙofar gidansu.

Na biyu, majalisun ƙananan hukumomin su kafa ƙa'ida cewa ba za a ba da sabon izinin kafa inji ko tasha ko garejin walda ba a jikin katangar makaranta. Waɗanda suka riga suka kafu a zauna da su, a ba su wuri da wa'adi, a kuma tilasta musu gyara salansa. Duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da kwata, zai iya ɗaukar wannan aiki. A kuma hana kunna lasifika kusa da makaranta a lokutan darasi, ko ta mai talla ce ko ta ɗan siyasa. Ƙungiyoyin direbobi da na masu babura su gargaɗi mutanensu game da danna oda a gaban makaranta, a kafa alluna masu tuna musu.

Na uku, hukumar ilmin firamare ta jiha ta sa silin da bangon tsakani mai kaiwa rufi cikin kowace kwangilar gyaran aji, kada kuma a biya ɗan kwangila sai sufeto ya gani da idonsa. Sabuwar makaranta a ja ta daga bakin titi, a sa filin wasa da ofis da ɗakin ajiya a gaba, azuzuwa a baya, tagoginsu suna kallon ɓangaren da babu hanya. Katanga mai kauri, marar kafa, wadda ta tare ganin motar daga tagar aji, tana rage ƙara sosai. Itatuwa irin su darbejiya suna da amfani wajen inuwa da ƙura, amma kada a ruɗi kai, layi ɗaya na bishiyoyi ba ya tare ƙara kamar katanga.

A nan ma ba sai mun nemi dabara daga nesa ba. Duk wanda ya taɓa shiga soro ya san yadda ginin ƙasa ke haɗiye hayaniyar waje. Abin mamaki, a 2013 hukumar filin jirgin Heathrow da ke Landan ta ɗauki nauyin gina wa wasu makarantun firamare da ke maƙwabtaka da ita ɗakuna masu siffar rumbu, waɗanda aka yi da ƙasa, don yara su sami mafaka daga rugugin jirage in sun fito waje. Turawa da kuɗinsu sun koma ga ƙasa. Mu da muke da magina da suka gaji sana'ar, ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya tayar da katangar ƙasa da aikin gayya cikin rani ɗaya.

Na huɗu, tun da a 2024 an sake kafa masarautar Rano wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, muna roƙon Mai Martaba Sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa baki. Su ne ake tuntuɓa in za a yanka fili, kuma kalma ɗaya daga dagaci takan yi abin da takardar gargaɗi goma ba ta yi ba. Filin makaranta amana ce, kada a bari a yanka gefensa a mai da shi shaguna.

Game da birnin Kano kuwa, ya kamata hukumar kula da filayen jiragen sama da hukumar tsara birane ta jiha su auna ƙarar da ke isa makarantun da ke ƙarƙashin hanyar jirage, a fara gyara waɗanda abin ya fi shafa, kamar yadda ake yi a Amurka da Ingila, a kuma daina ba da izinin gina sababbi a irin waɗannan wurare.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Birnin Kano ya bari sai da gari ya rufe shi kafin ya farga. Rano da Kibiya suna da sauran dama, amma dama ce mai raguwa da kowane shago da aka gina a jikin katangar makaranta. Ma'aikacin da fayil ɗin izini ke gabansa yau, kafin ya sa hannu, ya aika a dubo masa abin da ke maƙwabtaka da filin. In makaranta ce, ya nemi wa mai sana'ar wani wuri. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.